Kuskuren da Surukina Bai Yi Ba

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Surukina, mahaifin maigidana, ya rasu ranar Asabar da hantsi a gidansa nan Arlit. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Wanda ya zo zaman makokin bai san gidan ba, abin da zai fara gani ƙafafu ne. Masu gaisuwa da yawa sai sun cire ƙafar roba kafin su iya zama a tabarma, sai suka jera su a gindin katanga, wata da takalmi, wata babu. Duk a inuwa suke. In rana ta matso, sai ka ga mutum ya ja jiki ya gusar da tasa, ba tare da ya katse addu'a ba.

Wani tsohon direba da ya zo daga Tchirozérine ya ce wa maza a waje: "Shekara nawa ina taka ƙafar tsohon nan, ko ƙaiƙayi ba ta taɓa yi mini ba. Matata ma ta fi ta ƙara." Aka yi 'yar dariya irin ta makoki. Wani mai haƙar zinariya da rami ya rufta wa a Tchibarakaten shafa tasa kawai yake yi. A cikin gida wata mata mai lambu ta ba da labarin takalmin robar da marigayin ya yi wa 'yarta har ƙafar ta miƙe.

Ina rarraba dabino yayar maigidana ta ce: "Allah sarki. Sau ɗaya tak hannunsa ya taɓa kuskure, shi ma a kan ɗan cikinsa." Mata suka ce haka Allah yake ikonsa. Wata ta ƙara da cewa ai wanzami ba ya son jarfa. Faranti ya yi mini nauyi a hannu. Na fi shekara goma sha biyar ina jin wannan magana ina haɗiyewa.

Da furfura a kaina na shiga ajin yaƙi da jahilci, ba don in yi wa kowa wasiƙa ba. Amma tunda Allah ya sa na iya riƙe alƙalami, zan rubuta wannan a karanta, domin maganar baki iska ke ɗauka. Baba bai yi kuskuren awo ba.

Mutumin duwatsun Ayar ne, ɗan masu lambu. Fari ya kashe musu rijiya da raƙumin jan ruwa, ya gangaro Arlit ya sami aiki a ma'adinan uraniyom. Aikinsa haɗa tapi, doguwar robar nan mai ɗaukar dutse. In ta tsinke, shi ke fere bakunan biyu, ya haɗa su, ya gasa da zafi har su koma abu guda. Da kasuwar uraniyom ta faɗi aka rage ma'aikata, yana cikin waɗanda aka sallama. Ya kafa rumfa bayan gidan burodi yana facin taya, yana liƙe jarka da tiyon lambu.

Hausa ya koya da girma, kuma Hausarsa ba ta san mace ba. Roba namiji ne a bakinsa, mota namiji, ni ma "kai" yake ce mini, a 'yan lokutan da ya yi mini magana. Kullum rawaninsa rufe da baki. In na shigo inda yake, sai ya ƙara ja har kan hanci, ni kuma in sunkuyar da kai in wuce. Ni 'yar Tawa ce, shi Ba'abzine, amma kunyar suruki ɗaya ce a wurinmu duka. Shekara tara ina gidan ɗansa, maganar da ta haɗa ni da shi ba ta wuce "ina kwana" da "lafiya lau" ba.

Ba ya wuce guntun roba a hanya. Zai ɗauka, ya lanƙwasa, ya gatsa, ya jefa a ƙwaryar ruwa ya ga ko zai nutse. Daga nan ya yanki ɗan kaɗan ya kunna masa ashana ya shinshina hayaƙin. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce ta auri mai ƙona shara. Shi kuwa cewa yake roba gida biyu ne. Akwai wanda in an dafa shi sau ɗaya ya dafu ke nan, kamar taya da tapi, wuta sai dai ta ƙone shi. Akwai kuma wanda duk sanda ya ji zafi sai ya saki jiki, kamar tiyon ruwa. A kan wannan na biyun yake da maganarsa da kowa ya sani: "Roba bai mantuwa. In ya ji zafi, gidan ubansa yake tunawa." Lokacin na ɗauka zancen tsofaffi ne kawai.

Tun tawayen farko na Abzinawa ya soma yin ƙafa. Hanyar Agadas ba ta biyuwa sai da rakiyar soja, masu dungu suna zaune a gida suna jiran ƙafar da ba ta zuwa. Sai ya naɗe dungun mutum da filasta irin ta ɗaurin karaya, ya fitar da siffarsa. Ya sami babban tiyon ruwa, ya jira a kwashe burodi, ya sa shi a tanda har ya yi laushi kamar ƙirgin da aka jiƙa. Ya zura shi a kan siffar, yana dannawa da hannu cikin tsumma. Wurin da dungu ke shiga, kube yake kiransa, kamar na takobi. Duk gwanintar tana cikin kuben nan: inda nama yake ya matse, inda ƙashin ƙwauri yake ya bar ɗan gurbi, don kada nauyin mutum ya sauka a kan ƙashi. Tafin ƙafa kuma daga taya yake yankowa.

Wani likita baƙo ya taɓa nuna masa zaren ɗinkin da ke narkewa da kansa cikin jiki, ya kuma ba shi guntun wata farar roba da ake ɗaure karaya da ita, wadda ruwan ɗumi kawai ke tausasawa. Ya adana guntun a gwangwanin shayi har ya mutu. In ya buɗe ya duba sai ya ce: "Waɗanda suka yi wannan, da sun zo Arlit sun ga rana, da sun sake tunani."

A tawaye na biyu abin ya shigo gidanmu. Maigida direban kamyo ne, babbar motar kaya, yana ɗauko albasa daga lambunan dutse. Ya taka nakiya a hanya. Wanda ya binne ta ban san shi ba, shi da Allah. Aka yanke ƙafar hagu ƙasa da gwiwa. Likitan da ya yi aikin ya ce mana: "Na yi ƙoƙari na bar masa gwiwa. Mai gwiwa yana komawa tuƙi. In gwiwar ta tafi, sai zaman ƙofar gida. Ku kula da dungun nan kamar jariri."

Da dungu ya warke, Baba ya yi wa ɗansa ƙafa. Sati biyu ya yi a kanta, ya lalata tiyo uku kafin ya yarda da na huɗu. Ranar Litinin maigida ya saka ya zagaya tsakar gida ba sanda. Ranar Juma'a ya tafi masallaci da ƙafarsa. Ranar Asabar muka ga bororo a kan ƙashin ƙwauri.

Baba ya karɓi ƙafar, ya zura hannu cikin kube, ya lalube. Ya gyara. Maigida ya huta kwana kaɗan ya sake sakawa, lafiya lau har Juma'a ta zagayo. Washegari bororon ya fashe. Bakin dungu ba ya jin zafi sosai, shi kuma namiji ne mai taurin kai da aka yi wa alkawarin tuƙin tankar ruwa cikin gari, sai ya riƙa ɓoye mana. A karo na uku wari ne ya tona shi. Likita ya buɗe ya duba, fuskarsa ta canza.

"Wa ya yi ƙafar nan?"

Maigida ya ce babansa.

"A ajiye ta. Na ba ku kwana goma. In ciwon bai kama hanya ba, ko ya taɓa ƙashi, sama da gwiwa zan yanke. Ba zan jira ya kashe ka ba."

Daga asibiti ban biya gida ba. Na ɗauki ƙafar a kafaɗa kamar taɓarya na nufi rumfar Baba. Akwai mutane zaune, masu jiran faci da masu shan shayi. Ban yi sallama ba. Na jefa ta gabansa.

"Baba, ga tiyonka. Nakiya ta bar masa gwiwa, kai za ka ƙarasa. In lambu kake son shayarwa ka je ka shayar, ɗanka ba rijiya ba ne."

Wani dattijo ya ce: "Ke yarinya, surukinki ne fa." Na ce na san ko wane ne, in an yanke gwiwar shi zai zo ya ciyar da 'ya'yana? Dattijon ya mayar da kofin shayinsa ƙasa.

Baba bai dube ni ba. Ya ja rawani, ya ɗauki ƙafar, ya zura hannu a kube yana lalube. Da shi kaɗai yake magana, amma na ji: "Gurbin ƙashi ya tafi. Ya koma zagaye. Wani abu ya tuna masa gida." Sa'an nan ya tambayi ƙasa, don ba zai tambaye ni kai tsaye ba: "Yana barin shi cikin mota? Yana ajewa kusa da gawayin shayi?" Na ce ba ya bari, ba ya ajewa, kada a ɗora wa maras lafiya laifi. Na juya na tafi. Ranar Talata ya aiko da ita a gyare, da saƙon kada a saka sai ciwo ya warke.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa ba sai bayan rasuwarsa.

Ƙafar roba tana wari. Gumi yana taruwa a kube, rana ta Arlit kuma kun san ta. Ni ba zan bar mijina ya shiga sahun Juma'a mutane suna kau da hanci ba. Don haka kowace Alhamis bayan azahar, in ya kwanta, sai in ɗauko ƙafar in tafasa ruwa in tuttula a ciki, yadda nake yi wa ƙwaryar nono, yadda kuma aka koya mana a asibiti lokacin amai da gudawa, cewa tafasasshen ruwa ke kashe cuta. In ɗauraye, in kifa ta kan rufin kwano ta bushe. Kafin ya farka na mayar da ita inda take. Ban faɗa wa kowa ba, don mace ba ta shelar wanki.

Alhamis ɗin nan ma na dafa ruwa. Ƙafar ba a saka ta ba, amma a hancina har yanzu warin ruwan ciwo take yi. Yayar maigida tana ɗaki wurin ƙanenta, ta tare a gidanmu tun da abin ya tsananta. Ni da ita dama ba ma shan inuwa ɗaya. Ina tsugune bayan madafa, na matse ƙafar tsakanin duwatsu biyu, ina tuttula ruwa tururi na tashi, sai inuwa ta rufe ni.

Baba ne. Mutumin da bai taɓa wuce zauren gidanmu ba. Ashe ya zauna ya lissafa: in ya gyara, lafiya har Alhamis, ɓarna kuma sai bayan Juma'a. Ya zo ya ga abin da ke faruwa a gidan ranar Alhamis.

Ya tsuguna, ya zubar da ruwan, ya naɗe hannu da gefen riga ya danna bakin kuben da babban yatsa. Ya lotsa kamar tuwo. Ya ɗago mini in gani. A kan idona ɗan gurbin da ya bar wa ƙashi yana shafewa, tiyon yana komawa zagayensa na asali.

Butar ta faɗi daga hannuna.

"Sau nawa?" ya ce. Wannan ce tambaya ta farko da ya taɓa yi mini ido da ido.

"Kowace Alhamis, Baba."

Yayar maigida ta ɗaga labule. "Me ya faɗi? A'a, Baba, kai ne a cikin gida? Lafiya?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Kafin sauti ya fito ya riga ya tura ƙafar ƙarƙashin babbar rigarsa, da zafinta, ya miƙe.

"Na zo ɗaukar abina," ya ce. "Awo ya karkace. Ni na yi kuskure."

"Ai dama an faɗa," in ji ta. Ta dube ni: "Ke kuma da bakinki kamar reza, wannan karon kin yi gaskiya. Me kike yi a tsugune da buta a ƙasa?"

Na ce ruwan shayi ne ya zube.

Na san abin da ya hango. Gwiwar tana hannun Allah, saura kwana shida. In an yanke ta, aka kuma ji cewa matar da ta je ta ci mutuncin surukinta a bainar jama'a ita ce ta dafa ƙafar, ba zan sake kwana a gidan ba, 'ya'yana huɗu kuma a hannun yayar nan za su tashi. Bayan la'asar ya maimaita maganar a zaure gaban 'yan'uwa. Ina jin sa ta bayan katanga.

Kwana shidan nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Kullum da safe mu tafi wankin ciwo, ni da maigida a bayan kabu-kabu biyu, baburan haya. Kullum in tsaya ina kallon fuskar mai wankin, ba ciwon ba. Baba yana zuwa ya zauna a bakin ƙofar asibiti da tasbaha, ba ya shiga. Mutane na wucewa suna gaishe shi sama-sama. Labari ya riga ya zaga gari.

Ranar ta goma likita ya kwance bandeji, ya danna gefen ciwon, ya sunkuya ya shinshina. Ya ɗauki wani ƙarfe siriri ya zura a hankali. Maigida ya kama hannuna har yatsuna suka yi ƙara.

"Bai kai ƙashi ba," in ji likita. "Nama ya fara tsirowa. Gwiwarka taka ce. Amma kada in sake ganin tiyon nan."

Da na fito na durƙusa gaban Baba a bakin ƙofa, na ce zan je in faɗi gaskiya yau. Ya ce, yana kallon tasbaharsa: "Uwar yara, tashi. Ni tsoho ne, sunana ya gama aikinsa. Kai kana da yara. Kuma ba ƙarya na yi duka ba. Na gaya wa mai ƙafa ya kiyayi zafi, ban gaya wa mai wanki ba. Kunya ya hana ni. Wannan kuskure nawa ne."

Na yi shiru, na kuwa ci gaba da yin shiru. Kada wanda ya karanta wannan ya ce ladabi ne. Tsoro ne.

Shirun nan ya cuce shi. Kusan shekara biyu ba wanda ya kawo masa dungu. Ana cewa wanda ya kusa gurgunta ɗansa, wa zai ba shi nasa? Na san wani magini da ya zauna kan sanduna duk tsawon lokacin yana jiran hanya ta buɗe, aikinsa ya wuce shi. Ina ganinsa a kasuwa in canza layi. Wannan ma yana wuyana.

Baba kuwa ya koma rumfarsa yana gwaje-gwaje. Ya samo rezin, ruwan gam ɗin nan da ake liƙe tankin ruwa da shi, wanda in an ɗiga masa maganinsa yake daskarewa. Ya riƙa zura safa a kan siffar filasta, ya shafe da rezin, ya ƙara wata safar, ya shafe, har kube ya yi kauri. Robar gidan farko ke nan, wadda in ta dafu ta dafu. Mai gidan burodi ya ba ni labari cewa ya ga tsohon yana tafasa kube a tukunya kamar mai dafa kan saniya, ya fitar ya danna, ya mayar. Sai da ya gamsu ya kai wa ɗansa sabuwar ƙafa. Da ita maigida ya koma tuƙi, duk waɗanda ya sake yi masa daga baya ma irinta ne. Ganin yana hawa tanka yana sauka ne ya dawo da mutane.

Daga lokacin kuma ya kafa doka. Ba ya miƙa wa namiji ƙafa sai an zo masa da mai wanki, mata ce, uwa ce ko ƙanwa. Maza suna gunaguni, wai me ya haɗa tsoho da matan mutane. Sai ya ja rawani har ido, ya fuskanci bango, ya yi wa bangon bayani da ƙarfi: ban da ruwan zafi, ban da rufin kwano, ban da rana. Shi ya sa kuka ga ƙafafun nan a inuwa.

Ranar sadakar uku ta rasuwarsa, bayan an shafa addu'a, na ajiye faranti na faɗa wa matan da ke tsakar gida abin da na rubuta nan. Yayar maigida, wadda yanzu ita ma ta tsufa, ta dube ni. Ta ce: "Kika bar shi ya ɗauka har kabari?" Na ce na bar shi. Ta ce Allah ya isa, sa'an nan ta rufe fuska da mayafi tana kuka, ban sani ba ko don ni ko don sau nawa ita ma ta goranta masa.

Kafin magariba magana ta kai waje. Maigida ya shigo bai dube ni ba. Kwana biyu yana cin abincina ba ya ce mini uffan. Na haɗa kayana a zuciya.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya nema wa ƙafafun mutane inuwa. Ya rufa masa asiri ranar da ba mai rufawa sai Shi, yadda ya rufa nawa da rigarsa.

A rana ta uku, Alhamis ce, bayan azahar maigida ya zauna bakin gado ya kwance ƙafar. Ya miƙo mini.

"Ungo. Ta yi datti, gobe Juma'a."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce: "Da wane ruwa?"

Ya kwanta ya juya fuska bango, kamar ubansa.

"Wanda kika ga dama," ya ce. "Tsohon ya riga ya yi maganinki."